Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar Kalanda da Tsara Ayyuka Don Kwamfutar Ofishinka a Legas

A wani ƙaramin ofishi da ke Apapa, inda ake aikin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, an taɓa kirana in duba wata kwamfuta ƙirar Dell Precision da aka saya da kuɗi masu kauri, irin wadda take iya ɗaukar aikin masu zanen gine-gine. Da na zauna a gabanta, sai na lura cewa duk ranakun da harkar ofishin ta rataya a kansu ba sa cikinta. Ranar isowar jirgi tana bayan wani ambulan, ranar da kuɗin jinkirin kwantena zai fara hawa an zagaye ta da jan biro a kalandar bango, ranar biyan hayar ofis kuwa tana cikin kan maigidan shi kaɗai. Na ce masa, "Alhaji, ai wannan na'urar za ta iya riƙe maka duk waɗannan, ta kuma tuna maka da su kafin lokaci ya ƙure." Sai ya ce, "Malam, an taɓa saka mana wata manhajar kalanda, ranar da sabis ya ɗauke muka neme ta muka rasa, shi ya sa muka koma takarda."

Wannan amsa ta Alhaji ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a nan. Manhajojin kalanda suna da yawa, kowace tana tallata kanta da launuka da dabaru, amma ga mai aiki a Legas tambayoyi biyu ne suke gaba da komai. Shin za ta buɗe ta nuna maka jadawalinka a lokacin da intanet ya yanke? Sannan in wata rana ka ga dama ka bar ta, za ta bar ka ka kwashe bayananka gaba ɗaya ka kai wani wuri? Wadda ta gaza a ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ni dai ba na ba kowa shawarar ya ɗora harkarsa a kanta, komai kyawunta.

Mataki na farko: rubuta abin da kake so a riƙe maka

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka manta ko ka kusa mantawa a cikin wata ukun da suka wuce. Za ka ga sun kasu gida uku. Akwai alƙawura masu rana da sa'a, kamar ganawa da lauya a Ikeja ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya. Akwai ayyukan da ba su da sa'a sai dai wa'adi, kamar tura takardun haraji kafin wata ya kai wata rana. Akwai kuma abubuwan da suke maimaita kansu, irin su albashin ma'aikata, kuɗin makarantar yara, sabunta takardun mota da juyen man janareta. Na farko aikin kalanda ne, na biyu aikin jerin ayyuka ne, na uku kuma yana bukatar manhajar da ta iya maimaita abu yadda ya kamata.

A ƙasan takardar ka amsa wasu tambayoyi uku: mutum nawa ne za su riƙa duba wannan jadawali, ko kana so ya bayyana a wayarka in ka fita, sannan ko a shirye kake ka riƙa biyan kuɗi duk shekara. Dillalin tumatir da albasa a Mile 12 wanda yake aiki da ɗansa kaɗai, bukatarsa ba ɗaya ba ce da ta kamfanin da yake da sakatare da akanta da direbobi shida.

Mataki na biyu: duba lafiyar kwamfutar, musamman agogonta

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne aka fi samun matsalar da daga baya ake ɗora wa manhaja laifinta. Fara da sanin tsarin da kwamfutar take tafiya a kansa. In Windows ce, danna madannin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, za ta nuna maka wace ce. Wannan yana da muhimmanci domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sababbin manhajoji da dama ba sa hawa kan Windows 7: burauzar Chrome ta tsaya mata a lamba ta 109, manhajar imel da kalanda ta Thunderbird kuma a ta 115. Wanda har yanzu yake kan tsohon tsari ya sani cewa zaɓinsa ya ragu, kuma hanyar ɓarayin intanet zuwa gare shi ta fi sauƙi.

Daga nan sai agogo. Yawancin kwamfutocin ofis da muke saya a Computer Village da ke Ikeja ko a kasuwar Alaba tokumbo ne, an yi aiki da su a Amurka ko Turai kafin su iso nan, kuma sau da yawa suna zuwa da yankin lokacin ƙasar da suka fito. Abin da mai saye yake yi shi ne ya gyara sa'ar da hannu ta yi daidai da agogon hannunsa, ya bar yankin lokacin yadda yake. Ga ido komai daidai ne, amma kalanda ba da sa'ar da ke kan allo kaɗai take lissafi ba, tana haɗawa da yankin. Sai ka rubuta alƙawarin ƙarfe goma na safe a kwamfuta, ya fito a wayarka da ƙarfe bakwai na yamma. Shiga saitin kwanan wata da lokaci ka zaɓi wanda aka rubuta West Central Africa, mai alamar UTC+01:00. Ka kula sosai a nan, domin akwai wasu yankunan masu wannan lamba da suke ɗauke da sunayen biranen Turai kamar Balin da Faris. In ka zaɓi ɗaya daga cikinsu za ka zauna lafiya har zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ranar da Turawa suke tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai kwamfutarka ta bi su, alhali Nijeriya ba ta sauya agogo a kowane lokaci na shekara.

Akwai kuma wani ɗan batiri mai kama da kwabo a cikin kwamfutar, lambarsa CR2032, wanda shi ne yake riƙe agogo in an ɗauke wuta. A tsofaffin na'urori yakan mutu, kuma alamarsa a bayyane take: duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya. A ofishin Apapa da na ambata, da muka buɗe murfin kwamfutar muka zaro batirin, mun same shi ba ya ba da komai, kuma shi ne dalilin da ya sa tsohuwar manhajarsu take jero musu tunatarwar da ba ta da kan gado. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sauya shi kuma ba ya wuce minti biyar, amma a cire wayar wuta daga bango tukuna.

Saura abu biyu ƙanana. A saitin yanki, zaɓi Nijeriya domin a riƙa rubuta rana kafin wata. In aka bar tsarin Amurka, 03/04 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, kuma an sha yin asara a kan wannan. Sannan kwamfutar tebur ba ta da batirin aiki kamar laftof, don haka ko kana ƙarƙashin kamfanin wutar Ikeja ne ko na Eko, ka haɗa ta da na'urar riƙe wuta ta UPS, ko da ƙarama ce wadda za ta ba ka 'yan mintoci ka rufe aikinka kafin a tayar da janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ɗin da kalanda take ajiye komai a ciki.

Mataki na uku: san nau'o'in da ke akwai

Nau'i na farko su ne waɗanda suke zaune a intanet, kana shigarsu ta burauza. Shahararriyarsu ita ce Google Calendar, wadda ta fito a shekarar 2006, kuma duk mai adireshin Gmail yana da ita kyauta ko da bai taɓa buɗe ta ba. Amfaninta babba ne: abin da sakatare ya rubuta a ofis yana bayyana nan take a wayar maigida yana cikin gosulo a kan gadar Third Mainland, raba jadawali da abokin aiki kuma ba shi da wahala. Rauninta shi ne abin da Alhaji ya koka da shi. A kwamfuta, ko ka kunna saitin aiki ba intanet a Chrome, abin da za ka samu shi ne damar duba jadawali, ba damar ƙara sabon abu ba.

Nau'i na biyu su ne waɗanda ake girkawa a cikin kwamfutar kanta. Outlook na Microsoft, wanda yake cikin tarin Office tun 1997, shi ne wanda manyan kamfanoni da bankuna suka saba da shi, kuma ya haɗa imel, kalanda, jerin ayyuka da littafin adireshi wuri guda. Sai dai yanzu Outlook biyu ne, kuma ya kamata mai nema ya bambance su. Akwai tsohon, wanda yake zuwa da Office na kuɗi, mai ajiye bayanai a cikin kwamfuta kuma mai aiki sosai ba tare da intanet ba. Akwai kuma sabon, wanda ake samu kyauta a Windows, wanda ya maye gurbin ƙananan manhajojin Mail da Calendar da aka daina kula da su a ƙarshen Disambar 2024. Sabon ya fi dogara da intanet, nau'insa na kyauta yana nuna talla, kuma in ka haɗa shi da asusun da ba na Microsoft ba, bayananka sukan bi ta rumbunan kamfanin. In wurin aikinka ya riga ya biya kuɗin Microsoft 365, wato Office na kuɗi, to magana ta ƙare, yi amfani da Outlook domin shi ne zai fi jituwa da na abokan aikinka.

Ga wanda yake cin gashin kansa kuwa, abin da na fi saka wa mutane shi ne Thunderbird. Kyauta ce, ba ta da talla, ta samo asali ne daga gidauniyar Mozilla, kuma tana aiki a Windows da Linux da kwamfutar Apple. Da can sai an ƙara mata wani ɓangare kafin ta yi kalanda, amma tun fitowar lamba ta 78 a shekarar 2020 kalanda da jerin ayyuka sun zama jikinta. Fuskarta ba ta kai ta wasu ado ba, wannan gaskiya ne, amma tana buɗewa ko da babu sabis, tana karɓar sabon rubutu, sannan ta tura shi in sabis ya dawo. Masu Linux suna da Evolution da KOrganizer, dukansu tsofaffin hannu ne a wannan aiki, masu kwamfutar Apple kuma an riga an saka musu Calendar da Reminders, ba sa bukatar neman wata sai da dalili.

Nau'i na uku su ne na jerin ayyuka zalla, kamar Microsoft To Do da Todoist. Suna da amfani ga mai ƙananan ayyuka da yawa, amma kada ka fara da su. Bari sai ka ga jerin ayyukan da ke cikin kalandarka ya kasa maka.

Abin da ya fi dacewa da yawancinmu shi ne haɗa na farko da na biyu: bayanan su zauna a asusun intanet domin waya ta gani, sannan manhajar da ke cikin kwamfuta ta riƙe kwafinsu domin ranar da sabis ya ƙi.

Mataki na huɗu: tabbatar da ƙofar fita

Manhajoji suna mutuwa kamar yadda kamfanoni suke rufewa. Wunderlist, wadda miliyoyin mutane suka dogara da ita wajen tsara ayyuka, Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a watan Mayun 2020. Waɗanda suka kwashe bayanansu a kan lokaci ba su yi asarar komai ba. Saboda haka ne kafin ka zuba ko da alƙawari ɗaya a cikin wata manhaja, sai ka bincika ko tana fitar da fayil mai ƙarewa da .ics. Wannan tsari, wanda ake kira iCalendar, an kafa shi tun 1998, aka sabunta shi a 2009, kuma shi ne harshen da kalandu suke fahimtar juna da shi. Google, Outlook, Thunderbird da Apple duk suna karanta shi. Ɗan'uwansa na adireshi da lambobin waya shi ne fayil mai ƙarewa da .vcf. Akwai kuma ƙa'idar CalDAV ta shekarar 2007, wadda ita ce take ba manhajar kwamfuta damar yin magana kai tsaye da kalandar da ke intanet, ta yadda gyaran da aka yi a nan zai bayyana a can.

Ka nemi waɗannan sunaye uku a shafin bayanin manhajar. In ba ka gan su ba, ko ka ga an ce fitar da bayanai sai wanda ya biya kuɗi, wuce ta ka nemi wata.

Mataki na biyar: sauke ta daga inda ya dace

Sauke manhaja daga shafin masu ita kawai, ko daga Microsoft Store, ko daga rumbun manhajojin Linux ɗinka. Thunderbird tana thunderbird.net. Ka guji Office ɗin da aka fasa wanda wasu masu gyara suke sakawa daga filas a matsayin kyauta ko a kan ɗan kuɗi kaɗan. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan abin ya wuce rashin ado, domin manhajar da za ta ga imel ɗinka, sunayen abokan cinikinka da ranakun da kake karɓar kuɗi, ba wadda za ka karɓa daga hannun da ba ka sani ba ce. In kuma ta biya ce, bincika ko ana karɓar naira, ka kuma lissafa kuɗin shekara guda ninki yawan ma'aikatanka kafin ka amince.

Mataki na shida: girkawa da gwajin mako biyu

Zan yi misali da haɗin Thunderbird da Google, tunda shi ne wanda bai bukatar ko sisi. Bayan ka girka Thunderbird, buɗe ta ka shigar da adireshin Gmail ɗinka. Wani shafin Google zai buɗe ya nemi kalmar sirri da izini, ka amince. Sau da yawa ita da kanta za ta gano kalandun da ke asusun ta tambaye ka ko a haɗa su. In ba ta yi ba, shiga ɓangaren kalanda, zaɓi ƙirƙirar sabuwa, ka zaɓi wadda take kan intanet, ka rubuta adireshin naka. Da zarar ta bayyana a gefen hagu, danna sunanta da madannin dama na linzami, shiga bayananta, ka tabbatar an kunna wurin da aka rubuta Offline Support. Wannan ɗan akwati shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, domin shi ne yake sa ta ajiye kwafi a cikin kwamfutar.

Kada ka zuba komai a kalanda ɗaya. Ƙirƙiri uku masu launi daban: ta ofis, ta gida da ta biyan kuɗaɗe. Ta ofis ce kaɗai za ka raba da ma'aikata, ranar asibitin maiɗakinka ko taron iyayen yara ba abin da ya shafe su.

Yanzu sai gwaji, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Cire wayar intanet ko kashe wai-fai, rufe manhajar, ka sake buɗe ta. Jadawalin yana nan? Rubuta sabon alƙawari, mayar da intanet, ka duba wayarka bayan 'yan mintoci ko ya iso, kuma a kan sa'ar da ka rubuta. Sai ka saka tunatarwa ta minti goma, ka koma wani aikin, ka ga ko za ta fito ta kuma yi ƙara. Ka sani cewa yawancin manhajojin kwamfuta ba sa tunatarwa sai suna buɗe, don haka ka saita taka ta riƙa tashi tare da kwamfutar kowace safiya.

Gwaji na gaba namu ne na Hausawa. Rubuta alƙawari mai ɗauke da haruffa irin su ƙ, ɗ ko ɓ, misali "ɗauko kaya daga ƙofar kasuwa", fitar da shi a fayil ɗin .ics, ka shigar da shi wata manhajar, ka ga ko haruffan sun tsira ko sun koma alamar tambaya. Tsarin .ics yakan riƙe su lafiya, amma fitarwa ta fayil ɗin CSV, wanda ake buɗewa a Excel, ita ce ta fi ɓata su. Windows tana da tsarin madannai na Hausa da za ka iya ƙarawa a saitin harshe, in kana son rubuta su ba tare da kwafowa daga wani wuri ba.

Na ƙarshe shi ne gwajin maimaitawa. Saka abu ya riƙa dawowa ranar 31 ga kowane wata, ka leƙa Afrilu da Fabrairu. Wasu manhajojin suna mayar da shi ranar ƙarshe ta watan, wasu kuwa suna tsallake watan gaba ɗaya ba tare da sun gaya maka ba. In albashi ko haya ne, ya fi aminci ka ɗora shi a kan ranar 28 ko ka zaɓi ranar ƙarshen wata in manhajar tana da wannan zaɓi. A tsawon makon biyun nan kada ka jefar da takardarka, ka riƙa rubutawa a wurare biyu har sai zuciyarka ta natsu.

Mataki na bakwai: daidaita ta da rayuwarmu

Waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji ba da mu a zuciya suka ƙera su ba, don haka akwai gyaran da sai kai za ka yi. Na farko shi ne watannin Musulunci. Google Calendar tana da wurin ƙara kalanda ta biyu a saitunanta, kuma Hijira tana cikin zaɓin, haka ma tsohon Outlook. Kunna ta yana da kyau domin ka riƙa ganin kwanan watan biyu a tare, amma ka riƙe cewa wannan lissafi ne aka yi tun da wuri, alhali a Nijeriya ana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne bayan an ga wata, kuma akan samu bambancin kwana ɗaya. Don haka in kana tsara tafiya gida Sallah ko rufe shago, ware kwana biyu a jadawali, ka gyara bayan sanarwa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka wanda ya saka ranar fitar da zakkarsa ta riƙa maimaituwa duk shekara a kalandar Miladiyya zai riƙa jinkirta ta yana ganin daidai yake yi. Irin wannan rana da hannu ake saka ta kowace shekara, kuma ina roƙon 'yan kasuwarmu su ɗauki wannan da muhimmanci.

Ranakun hutu na dindindin, wato 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba, za ka same su ta hanyar ƙara kalandar hutun Nijeriya da ke cikin Google. Na Sallah da Mauludi da Ista suna sauyawa, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take sanar da ranakun da za a huta. Ka toshe ƙarfe ɗaya zuwa uku na kowace Juma'a domin kada wani ya saka maka taro a lokacin masallaci. In harkarka ta kasuwa ce, ka tuna safiyar Alhamis da ake tsaftar kasuwanni a Legas ba a buɗe shago da wuri. Mai kamfani mai rajista ya saka ranar 10 ga wata domin harajin albashin ma'aikata da ranar 21 domin harajin VAT, kowace da tunatarwar kwana biyar kafin ta zo, bayan ya tabbatar da su daga akantansa.

Masu hulɗa da ƙasashen waje su kunna agogo na biyu a gefen kalanda. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, Sin da awa bakwai, ma'ana ƙarfe tara na safe a Idumota ƙarfe huɗu na yamma ne a Guangzhou, kuma in ka bari sai bayan Azahar ka kira, an riga an tashi daga aiki. Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin muna gabanta da awa ɗaya.

Sai batun hanya, wanda babu manhajar da za ta gane shi da kanta. Alƙawarin ƙarfe goma a Marina ga mai tasowa daga Agege ba ƙarfe goma yake farawa ba. Rubuta tafiyar a matsayin abu mai zaman kansa a jadawali, ka ɗora tunatarwar a kan lokacin fita daga ofis, ka kuma hana kanka saka alƙawura biyu a tsallaken gada a yini ɗaya in ba dole ba.

Mataki na takwas: ajiya da kare sirri

Kalandar ɗan kasuwa tana faɗin inda zai kasance, da wanda zai gani, da ranar da kuɗi za su shigo hannunsa, kuma a gari kamar Legas wannan ba bayanin da za a bari a buɗe ba ne. In mutane da yawa suna amfani da kwamfuta ɗaya, a buɗe wa kowa asusunsa na Windows da kalmar sirrinsa, kuma duk wanda zai tashi, ko da alwala zai je, ya danna madannin Windows da harafin L ya kulle allon. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun Google ko Microsoft. Kada ka ba sakatare kalmar sirrinka. Raba masa kalandar ofis ta hanyar adireshinsa, ka zaɓi ko duba kawai zai yi ko har da gyara, domin ranar da ya bar aiki sai ka cire sunansa, shi ke nan. 'Yan damfara kuma sun gano aika gayyatar taro ta bogi mai ɗauke da mahaɗin da zai kai ka shafinsu, saboda haka a saitin Google ka zaɓi cewa gayyata ba za ta shiga kalandarka ba sai daga wanda ka sani.

Ajiyar kwafi kuwa sau ɗaya a wata ta isa ga yawancin ofisoshi. A Google, shiga saituna, nemi wurin da aka rubuta Import & export, ka danna fitarwa, za ta ba ka dunƙulallen fayil mai ɗauke da kowace kalanda a tsarin .ics. A Thunderbird, danna sunan kalandar da madannin dama ka zaɓi fitarwa. A tsohon Outlook, fitar da komai zuwa fayil mai ƙarewa da .pst, sannan ka ajiye kalandar daban a .ics, tunda ba kowace manhaja ce take karanta .pst ba. Saka wa fayil ɗin suna mai ɗauke da shekara da wata, kwafa shi a filas biyu, ɗaya ya zauna a aljihun tebur, ɗaya ya tafi gida, domin gobara ko ambaliyar damina in ta shiga ofis ba ta bambanta kwamfuta da filas ɗin da ke kusa da ita. Sau ɗaya a shekara ɗauki ɗaya daga cikin fayilolin ka shigar da shi sabuwar kalanda ta gwaji, ka tabbatar yana buɗewa, sannan ka goge ta.

Wannan aikin ajiya shi ma ka rubuta shi a cikin kalandar, ya riƙa dawowa Juma'ar farko ta kowane wata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kafin a tashi zuwa masallaci, ka kuma rubuta sunan wanda alhakin yake wuyansa a jikin tunatarwar.